Oba-Obar Alhaji Ƙarami

A kasuwar Dawanau, babbar kasuwar hatsi da ke bakin hanyar Katsina in an fita daga birnin Kano, an yi wani ɗan kasuwa da kowa ke kira Alhaji Ƙarami, saboda mahaifinsa marigayi shi aka sani da Alhaji Babba. Riɗi da zoɓo da waken suya ne sana'ar gidansu. Su saya daga hannun manoma da dillalai, a gyara, a zuba a buhu, a loda a tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Riɗin ya nufi ƙasashe irin su Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuwa galibi Meziko.

Sito uku mahaifinsa ya bar masa, kuma ba a jere suke ba. Na farko yana bakin titi, nan ofis yake da babban sikeli. Na biyu yana tsakiya, inda mata ke sheƙe riɗi da tsince zoɓo. Na uku yana can ƙurya, inda tireloli ke samun filin juyawa. Tsakaninsu akwai rumfuna da katangun bulo da tsibin buhunan da suka kusa taɓa kwano.

Da kaka ta kama, daga Oktoba zuwa Disamba, ba mai samun zama. Motoci na shigowa daga Maigatari da Gagarawa da sauran garuruwan Jigawa, 'yan dako sun haura talatin, kowa na neman Alhaji a lokaci guda. Wayar hannu kuwa a nan take gazawa. In ka shiga cikin sito sai sabis ya ɗauke, in ka fito layi ya cushe, in layi ya samu kati ya ƙare, in akwai kati mai wayar yana ƙarƙashin buhu, ba hannun ɗauka. Sai aka koma aiken yaro da gudu. Wata Laraba saƙon Alhaji ya isa sito na uku bayan an ɗaure tamfol, ashe an loda buhu ɗari biyu na riɗin da ba a gyara ba. Sai da aka sauke su ɗaya bayan ɗaya, aka biya 'yan dako sau biyu, direba ya kwana yana ƙorafi.

Daren nan Alhaji ya kira ƙanensa Auta, wanda ya yi karatun lantarki kuma shi ke riƙe da littafin lissafi, ya ce, "Gobe oba-oba za mu saya. Na gaji da wannan wahala."

Auta ya ce, "Yaya, shawara ce mai kyau. Amma kafin mu shiga kasuwa, mu biya wurin Malam Mai Rediyo. Ya yi shekaru yana aikin sadarwa kafin ya yi ritaya, ya san kan abin nan."

Washegari suka same shi a ɗan shagonsa, tsofaffin rediyoyi jere har rufi, ƙarfen narka dalma yana hayaƙi a gefe, gilashin ƙara girma a rataye a wuyansa. Bayan an gaisa an tambayi iyali da kasuwa, Alhaji ya ce, "Malam, oba-oba nake so, wadda ta fi kowacce ƙarfi. Kuɗi ba matsala ba ne."

Malam ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Alhaji, daga sitonka na farko zuwa na ƙarshe, tafiyar mita nawa ce?"

Alhaji ya ce, "Da ɗan nisa dai."

"Katangun bulo ne ko langa-langa? Mutum nawa ne lallai sai sun ji muryarka? Awa nawa suke yi a bakin aiki? Akwai wutar da za a yi caji da dare? Ƙura fa?"

Alhaji ya gyara zama, ya ce, "Malam, ni saye na zo yi, ka tsare ni da tambayoyi."

Malam ya jawo aljihun tebur ya fito da oba-oba biyu ya ɗora a gabansu. Ɗaya ƙarama ce, eriyarta gajera, a manne da jikinta, maɓallanta ba su wuce biyar ba. Ɗayar baƙa ce, eriyarta doguwa, ana murɗe ta a cire, gabanta cike da madannan lamba. Ya ɗaga ƙaramar ya ce:

"Irin wannan ake kira marar lasisi. Ƙasashen Turai ne suka ware ɗan zango a iska, megahaz 446, suka ce kowa ya yi magana a ciki kyauta, amma da sharaɗi. Ƙarfinta kada ya wuce rabin wat, eriyarta ba a canzawa, tashoshinta da 8 ne, yanzu sun zama 16. Shi ne za ka ga an rubuta PMR446 a kwalinta. Amurkawa ma suna da tasu, FRS, a zangon 462 da 467, tasha 22, ƙarfinta har wat 2 tun daga 2017. To ka lura da kyau. Ta Turai in ka kai ta Amurka ka yi magana da ita ka taka doka, don a can zangon 446 na masu lasisi ne. Ta Amurka ma in ka kai ta Ingila haka abin yake. Kowace ƙasa da yadda ta raba iskarta. Mu nan Najeriya masu ikon wannan su ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya. In Nijar ka tsallaka, ARCEP ce. Kafin ka zuba kuɗinka, ɗauki sunan samfurin da lambarsa ka je ka tambaya, a ba ka amsa a takarda."

Ya ajiye ta, ya taɓa baƙar da yatsa. "Wannan kuwa wat 5 take fitarwa, wasu ma a ce 8. Tana shiga daga megahaz 136 zuwa 174, ta kuma shiga daga 400 zuwa sama. A cikin wannan fili akwai jami'an tsaro, akwai kamfanonin da suka biya lasisi, akwai 156.8 da jiragen ruwa na duniya duka suka keɓe don kiran neman agaji. Duk wanda ya danna lamba zai iya faɗawa kan ɗayansu. Ba aibi gare ta ba a hannun mai izini da ya san abin da yake yi. A hannun ɗan dako kuwa, ka ba shi abin da zai ja maka magana."

Alhaji ya ce, "Amma rabin wat, Malam? Ai wannan abin wasan yara ne. Ni so nake ina gida a cikin birni in ji abin da ake yi a Dawanau."

Malam ya girgiza kai. "Muryar oba-oba kamar hasken tocila take, miƙe take tafiya, abin da ya tare ta ya rage ta. In ka hau Dutsen Dala, Auta ya hau Goron Dutse, wannan 'yar ƙaramar za ta haɗa ku tangaran. Ku sauko, kai ka shiga wani lungu a kasuwar Kurmi, shi ya shiga wani, ƙila mita 500 ma ta gagara. Ko a fili fetal, mutum a tsaye ba ya hango abin da ya wuce kilomita 5 ko kusa da haka, ƙasa ta lanƙwashe ta ɓoye sauran. Kuma in kana son ninka nisa sau biyu, sai ka ninka ƙarfi sau huɗu aƙalla. Tudu ya fi wat amfani, Alhaji. Sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu goya tasu suke yi a baya, ta kamfanin da ya zama Motorola, nauyinta wajen kilo 15, kuma nisan da take ci bai fi kilomita 5 ba. Ka koma ka auna wurinka, in ara maka guda biyu ka gwada, sannan mu yi maganar saye."

Alhaji ya yi godiya a baki, amma da suka fito ya ce wa Auta, "Tsohon nan zamaninsa ya wuce. Kaka ba ta jiran awo."

Auta ya ce, "Yaya, kwana ɗaya kawai gwajin zai ci."

"Kwana ɗaya a kaka ka san nawa ne?"

Daga nan ya wuce wani kantin kayan lantarki. Mai kanti ya sauko masa da kwali mai ƙyalli, da hoton duwatsu da mutum a tsaye a ƙololuwa, an rubuta kilomita 50 da manyan lambobi. Ya ce wat 8 ce, tana da tocila, tana kama rediyon FM, tana da lambar sirri, kuma kuɗin guda ɗaya daga irin ƙaramar da Malam ya nuna zai sayi uku nata. Da Auta ya tambayi maganar lasisi, mai kanti ya ce, "Kowa ita yake saye, wa ya taɓa tambayarsa takarda?" Alhaji ya ƙirga kuɗin guda goma. Mai kanti ya saita musu tasha ɗaya, ya sa lamba, ya ce daga yau ba mai jin su sai su kaɗai.

Kwana biyun farko abin ya yi daɗi. Alhaji yana zaune a ofis yana ba da umarni, sarkin dako na amsawa daga ƙurya, yaron aike ya huta. Daren farko dai da Alhaji ya koma gida ya tsaya a tsakar gida ya yi ta kiran mai gadi, ba abin da ya ji sai shuuu. Ya hau bene ya sake, shiru. Ya ce ƙila iska ce. Kafin mako ya zagayo, batura sun fara mutuwa tun kafin la'asar, don yara sun mai da su rediyon jin waƙa da tocilar shiga sito. Eriya biyu sun karye a wurin murɗi. Ƙurar riɗi ta shiga lasifikar guda uku, murya ta koma ƙirƙir.

Sai ranar da wani dillali ya bugo cewa mota cike da farin riɗi mai kyau tana tafe daga Maigatari. Alhaji ya danna oba-oba ya ce, "Auta, mota na nan shigowa bayan azahar. Ka tare ta a bakin ƙofa. Ka fara masa da farashin jiya, in ya ƙi ka ƙara, amma kada ka wuce kaza." Ya faɗi adadin ƙarara, ya faɗi launin motar da sunan direba. Auta ya idar da salla ya fita bakin ƙofa, ya tarar mota ta riga ta juya zuwa wani sito. Wani ɗan kasuwa ya tare ta tun a kan titi, ya ɗora 'yan kuɗi kaɗan a kan iyakar da Alhaji ya yanka, an sallama masa. Da yamma wani ɗan dako ya faɗa wa Auta gaskiya: yaran wancan gidan ma irin wannan oba-obar gare su, kuma tun ranar farko suke jin duk abin da ake faɗa a gidan Alhaji.

Alhaji bai gama haɗiye wannan ba sai ga wadda ta fi ta. Wani yaro cikin masu ɗinkin buhu ya yi ta danne-danne har ya gano wani zango da ya ce ya fi fita tar, ya mai da tasa da na abokansa biyu can, suna hira da barkwanci in aiki ya lafa. Ranar Asabar da hantsi motar jami'an tsaro ta tsaya a ƙofar ofis. Ba su sha wahalar gano wurin ba, don yaran sunan maigidansu da lambar sito suke kira a iska. Babbansu ya ce, "Alhaji, kwana biyu ke nan yaranka suna shiga mana layi muna tsakiyar aiki. Ina takardar izinin waɗannan na'urori?"

Ba takarda. Aka tattara duka goman a buhu, aka ce Alhaji ya biyo su. Ya wuni a kan benci yana amsa tambayoyi: a ina ya saya, don me, da wa yake magana, me ya sa yake buƙatar mai ƙarfi haka. A irin halin tsaron da Arewa ke ciki, ba wanda zai ga laifin mai tambaya. Sai da dattawan kasuwa suka zo suka shaide shi, ya sa hannu a takardar alkawari, sannan aka sallame shi bayan magariba, na'urorin kuwa aka riƙe. Da zai fita, jami'in ya ce masa, "Alhaji, in da a daidai lokacin da yaronka ke wasa wani yana kiran a kawo masa ɗauki, muryar yaronka za mu ji, ba tasa ba." Wannan magana ta fi asarar kuɗin tsaya masa a rai. Ya kwana yana juya ta.

Da gari ya waye ya ce wa Auta, "Tashi mu koma wurin Malam."

Malam ya saurare su har ƙarshe bai katse ba. Alhaji ya ce, "Malam, ka yi mini magana ban ji ba. Abu ɗaya ne har yanzu ban gane ba. Yaya aka yi suka ji mu alhali an sa lambar sirri?"

Malam ya ɗauko ƙananan guda biyu, ya sa lamba a ɗaya, ya bar ɗayar ba lamba, ya miƙa wa Alhaji marar lambar. Ya shiga bayan shago ya yi magana a hankali, sai ga muryarsa ta fito a hannun Alhaji. Ya dawo ya ce, "Ka gani? Lambar nan, ko cikin 38 ɗin farko ka zaɓa ko cikin 121 da wasu ke da su, aikinta ɗaya ne: ta hana ka jin waɗanda ba su da lambarka, don kada hayaniyarsu ta dame ka. Ba ta hana kowa jinka. Duk wanda ya kashe tasa lambar a tasharku, ya ji ku. Ga shi kuma na'urori iri ɗaya sukan fito daga masana'anta da tashoshi iri ɗaya. Wannan ƙaramar ma haka take, kada ka ce na ɓoye maka. Abin da aka ce na kowa ne, kowa na ciki. Magana kuwa zarar bunu ce."

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "To yanzu me ka ga ya dace?"

"Abin da na ce tun farko. Mu je mu auna."

Malam ya zaɓi ranar da kasuwa ta fi cika, ya ce gwajin da aka yi sito ba kowa ba gwaji ba ne. Auta ya duba taswirar wayarsa, daga ofis zuwa ƙarshen sito na uku mita 700 ne da 'yan kai. Alhaji ya riƙe baki, don shi a ransa ya ɗauka ya fi kilomita biyu. Malam ya tsaya a ƙofar ofis da guda ɗaya, Auta ya ɗauki ɗayar ya kama tafiya, yana tsayawa duk bayan taku hamsin ya ƙirga daga ɗaya zuwa biyar. A sito na biyu, kusa da injin tankaɗe, murya ta fito sarai. A filin tireloli, tsakanin motoci biyu, ta fito. Ya shiga sito na uku, tana nan. Sai da ya zagaya bayan tsibin buhuna a kusurwar gabas, inda katanga biyu suka haɗu, sannan ta fara yankewa, ana jin ɗaya, uku, biyar.

Alhaji ya ce, "Ka gani, Malam? Ta gaza."

Malam ya danna ya ce, "Ɗana, ciro ta daga aljihu, ka ɗaga ta daidai fuskarka, eriya ta kalli sama, ka matso taku biyar wajen ƙofa." Auta ya yi haka, ƙirgen ya fito cif. Malam ya dubi Alhaji ya ce, "A duk gidan nan kusurwa ɗaya ce ta gagara, maganinta kuma taku biyar. Don wannan za ka ɗauko abin da zai kai muryarka unguwa uku?"

Suka zauna a ofis, Malam ya sa Auta ya ɗauko takarda. Ya ce a rubuta waɗanda aiki ke tsayawa in ba a same su ba. Aka rubuta Alhaji, da Auta, da mai sikeli, da shugabar mata masu gyara, da sarkin dako, da mai gadi. Mutum shida. Malam ya ce a sayi bakwai, ɗaya ta zauna a ajiye.

Ya ce, "Marasa lasisin ma iri biyu ne. Ƙarfinsu ɗaya, rabin wat, bambancin a jiki yake. Akwai ta yawon shaƙatawa, akwai ta aiki. Kai ta aiki za ka nema. Motorola da Kenwood da Icom da Hytera duk suna yin irinta. Duba lambar IP a jikinta. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP54 ko IP55 za ta jure ƙurar riɗi da ta hunturu da yayyafi. IP67 ƙura ba ta shiga sam, kuma ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa za ta tashi. Kada ka sauka ƙasa da 54 a wurin nan. Sai batir. In an rubuta awa goma sha shida, ka sani lissafin masana'anta ne: kashi 5 cikin ɗari kana magana, kashi 5 kana ji, kashi 90 tana jira. Sarkin dako ba haka zai yi da ita ba, don haka a saya masa batir na biyu. Ka tabbata ana samun batirin a kasuwa, don shi ke fara mutuwa. Ka nemi abin caji mai ɗaukar shida a jere, su kwana wuri ɗaya, mutum ɗaya ke da alhakinsu. Mai aiki kusa da inji a ba shi abin kunne. Akwai wani saiti da ake kira VOX, wanda ke buɗe layi da kansa in ya ji sauti. A kashe shi, in ba haka ba ƙarar inji za ta riƙe tashar, kowa ya rasa hanya. Kuma wadda ba ta da madannai da yawa ita ce taka, don abin da yaro bai gani ba, ba zai danna ba."

Alhaji ya ce, "Maganar gida fa? In ina birni?"

"Wayarka tana nan, Alhaji. In kuma lallai oba-oba kake so, akwai mai aiki da layin waya, tana kaiwa duk inda sabis ya kai, ana biyan kuɗin data. In harka ta girma har kana son zangonka kai kaɗai da na'urar ƙara nisa a kan dogon ƙarfe, wannan ƙofar lasisi ce, kuma a buɗe take ga mai bin ƙa'ida. Kowace buƙata da kayanta."

Auta ya ce, "Malam, ni ma ina da tambaya. In Salla ta zo muna kai yara kallon Hawan Daushe, kullum sai an ɓace wa juna a cikin taro. Wani lokaci kuma mukan je gona mu wuni."

Malam ya ce, "Wannan ta shaƙatawa ta ishe ka, ɗana. Nemi marar nauyi, mai sauƙin dannawa, wadda ke cin batirin AA da ake samu a kowane tebur, don a gona ba wurin caji. A fili za ka ga ta yi nisan da zai ba ka mamaki, a cikin taro kuwa jikin mutane da gine-gine suna rage ta. Kada ku zauna a tasha ta ɗaya, nan kowa ke cunkushewa. Kuma kafin ku rabu, ku yanke wurin haɗuwa da lokaci, don batir na iya mutuwa."

Wannan karon Alhaji bai yi gaggawa ba. Ya tura Auta da sunan samfurin da lambarsa zuwa ofishin hukuma, ya dawo da bayani a rubuce, suka cika abin da aka ce su cika, aka sa takardun da rasit a fayil ɗaya a ofis. Sannan aka saya. Ranar da za a raba, Alhaji ya tara sauran mutum biyar ɗin ya yi musu magana da kansa. Ya ce ba a faɗin farashi a oba-oba, ba a faɗin kuɗi, ba a faɗin lokacin da wani zai tafi banki ko ya dawo. Mai irin wannan magana ya tako da ƙafarsa. Ya ce kafin ka danna ka saurara, in wani na magana ka jira, don mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. In ka danna ka ɗan dakata kafin ka buɗe baki, ka kira sunan wanda kake nema, ka faɗi naka, ka taƙaita, ka saki. In kun tarar da wasu a tasharku, ba faɗa, ba zagi, ku koma ta gaba, don su ma haƙƙinsu ne. Da magariba kowa ya mai da tasa wurin caji a hannun mai gadi.

Shugabar mata ta ce, "Alhaji, in mun ji maganar wani gidan fa?"

Alhaji ya ɗan yi jim, ya ce, "Inna, abin da aka yi mini ya yi mini ciwo, ba zan so a yi wa wani da kayana ba. In kun ji, ku canza tasha."

Kaka ta ƙare ba a sake loda buhun da bai dace ba. Wata kakar ta zo ta wuce, na'urorin bakwai suna nan, batir biyu kawai aka canza. Maƙwabta suka fara zuwa tambayar Alhaji wace iri ce ta fi ƙarfi, shi kuma kafin ya ce komai sai ya tambaye su mita nawa ne tsakanin sitonsu, sannan ya ara musu ta ajiyar da tasa su je su gwada.

Mai karatu, ko shago gare ka, ko makaranta, ko gidan biki, ko gona, ko iyali kawai kake son haɗawa ranar taro, darasin ɗaya ne. Asarar Alhaji Ƙarami ta fara ne tun ranar da ya shiga kasuwa bai san girman buƙatarsa ba, ya bar lambar da ke jikin kwali ta yi masa zaɓi. Auna wurinka, ƙirga mutanenka, tambayi hukumar ƙasarka, ka gwada a inda za ka yi aikin, don sai an gwada akan san na ƙwarai. In ka saya kuma, ka tuna iskar da kake magana a cikinta ba taka ba ce kai kaɗai: ka tsare sirrinka, ka bar na wasu, kada ka tare hanyar mai neman agaji. Wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa, ya ɗauki wahalar da ba a aike shi ba.